Ruwan Shuka a Jajiberin Jarrabawa

Bana ma ruwa ya yi nawa. Shamuwa ta iso tun tuni, ta yi sheƙarta a kan tsamiyar bakin masallaci, tana kallonmu muna kallonta, amma sama fayau. Da rana ƙasa ba ta takuwa sai da takalmi. Makon jiya jikata Ummi ta dawo daga makaranta da sabon fensir, ta ce ran Asabar ɗin nan 'yan aji shida za su zauna jarrabawar da jiha ke yi wa kowa kafin shiga sakandare. Na ce da ita, "To ƙawata, Allah ya ba da sa'a, ko da yake na san kanki bai fiye ja ba sai a gaban tuwo." Ta murguɗa mini baki ta shige ɗaki. Ni kuwa na fito tsakar gida na dubi gabas, don na taɓa ganin irin wannan shekarar.

Ina aji shida aka yi ta, shekara arba'in ke nan ko kusa da haka, a nan ƙauyenmu na bayan Bagwai. Daminar da ta gabace ta ba ta yi abin kirki ba. Tun kafin bazara ta kankama aka daina miƙa hannu a zaro damin gero daga bakin rumbunmu. Sai dai Baba ya ɗaga ni ya zura ni ciki, tunda ni ce babba a gidan kuma ba ni da jiki, ƙannena duk 'yan mitsi-mitsi ne. Har yau ina jin warin cikin rumbun nan, zafi da ƙaiƙayi da kashin ɓera. Da farko nakan tsaya a kan dammunan geron kaina na leƙo waje. Daga baya sai na koma ina tsayawa a daɓen ƙasa, bakin rumbun ya yi mini nisa, ina tattara zangarniyar da ta zube da tsintsiya.

Da asuba mukan yi sammakon rijiya. Igiya an ƙara mata tsawo har an gaji, guga ya tafi ya daɗe, ya dawo da rabin ruwa rabin taɓo. A kawo gida a ajiye ya kwanta. Inna ta surfa ɗan abin da na fito da shi, ta dama kunu tsararo wanda kake iya hango gindin ƙwarya ta cikinsa. Da rana kwaɗon zogale ne, har bishiyar bayan ɗakinmu ta koma sanda tsirara. Da yamma a tuƙa tuwo ɗan kaɗan da miyar kuka ba mai. In an ce da Inna ta zo ta ci sai ta ce ai ta ci a bakin murhu. Ƙarya take yi, kuma duk mun sani.

Abu ɗaya ne ba a taɓawa a gidan. A ƙuryar ɗakin Baba akwai wani tulu da aka cika da irin gero, aka barbaɗe da toka, aka liƙe bakinsa da yumɓu. Ko ranar da ƙanwata ta yi ta kukan yunwa har muryarta ta dishe, Inna ba ta dubi wajen tulun nan ba. In shara ta kai ta ɗakin, kewaye shi take yi.

An fita roƙon ruwa. Maza suka juya rigunansu suka tafi filin idi, mu yara muka bi su a baya, tsofaffi suka yi sadakar ɗan abin da ya rage musu. Da yamma iska ta taso ta kwashe shanya, ta karya reshen darbejiya, ta wuce abinta. Ko ɗigo ba mu gani ba.

Makarantarmu ɗaki uku ce da rufin kwano. Mutanen gari ne suka gina ta da gayya, Baba yana cikin waɗanda suka kwaɓa ƙasar. Hedimastanmu Malam Iliya, wani siririn mutum mai keke, kullum ƙafar wandonsa a ɗaure da roba don kada sarƙa ta ci. Ba shi da faɗa, sai naci. A bazarar nan ya bi gidajen 'yan aji shida ɗaya bayan ɗaya. Ranar da ya zo namu ni na kai masa ruwa zaure, na maƙale a bayan ƙyaure ina ji.

Ya ce da Baba, "Malam Sale, mutanen da ke Kano ba su san ƙauyen nan ba. Ba su taɓa ganin tsamiyarku ba. Abin da yake isa gare su kawai shi ne yaran da suka zauna jarrabawa. Bara kaɗan ne suka je. An kira ni an gaya mini, in bana ma haka aka yi, za a ɗauka ba mu da yara, a haɗe mu da makarantar cikin gari, a kwashe malamai."

Baba ya ce, "To Malam, ai ba lallai ne Hansatu ta ci ba."

"Ta ci ko ta faɗi, ta dai je ta zauna. Yaron da ya faɗi an san da shi, an san makarantarsa tana neman gyara. Wanda bai je ba kuwa, a wajensu babu shi."

Baba ya ce, "In Allah ya kai mu, za ta je."

Kuma har zuciyarsa yake nufi. Shi da kansa ya zauna ya fiƙe mini fensir da askarsa, ya yi masa tsini kamar zai yi ɗinki da shi. Ni kuma ba yabon kai ba, lissafi ba ya ba ni wuya. Ƙawata Ladi, 'yar unguwar tsallaken rafi inda masu zuwa coci suke, da muke zama benci ɗaya, ko jadawalin bakwai aka tambaye ta sai ta zungure ni da gwiwar hannu. Mun riga mun gama shirin yadda za mu zauna a motar da Malam Iliya ya yi shata, wadda za ta kai mu Bagwai ran Asabar da sassafe.

Ran Juma'a aka sakko daga masallaci gari ya yi tsit. Ko ganye ba ya motsi. Zufa tana bin bayanka ko kana zaune a inuwa. Na ga tururuwa sun yi layi a gindin katanga suna kwashe ƙwansu zuwa sama, na nuna wa Inna, ta duba, ta ɗaga kai ta kalli sama. Wajen la'asar gabas ta fara yin ja, jan ya rine ya koma baƙi, kaji suka shige akurki da kansu. Sai wata iska mai sanyi ta bugo, ɗauke da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa daga wani wuri mai nisa. Kafin mu gama kwashe shanya ruwa ya kece.

Ruwa aka yi na gaske. Indararo ya yi ta amai, muka jera duk wata roba da tukunya da ke gidan. Ƙannena suka tuɓe suna tsalle a tsakar gida, Inna tana dariya tana share hawaye da gefen zani. Ni ma na yi murna, ba zan ɓoye ba. Sai da ya tsagaita gab da magariba, na ga Baba ya ɗauki fartanya ya zagaya bayan gida, sannan na tuna gobe Asabar. Na bi shi. Ya tona rami, ya zura hannu har ya wuce wuyan hannunsa, ya damƙo ƙasar ya matse, ta dunƙule ba ta warware ba. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Ruwan shuka ne."

Bayan sallah na ji ƙarar yumɓu yana fashewa a ɗakinsa. Ya buɗe tulun.

Wanda bai yi noma a ƙasarmu ba zai ce me zai hana a bari sai Lahadi. Gonakinmu jigawa ne, rairayi. Bayan irin wannan zafin, laimar ruwan farko yini ɗaya take yi, in rana ta sake dukanta shi ke nan. Ita kuma shuka aikin mutum biyu ne. Ɗaya yana gaba da sungumi yana sara, ɗaya yana biye da ƙwaryar iri, ya jefa ya rufe da ƙafa. Ba a gayyar shuka, don ranar kowa tasa gonar ta ishe shi, ko ɗan ƙodago ba ka samu. Matan aure kuma a ɓangarenmu ba sa zuwa gona. Saboda haka mai bin sara a kowane gida shi ne yaron da ya tasa, kuma yaran da suka tasa su ne 'yan aji shida.

Inna ta kai masa tuwo, ta durƙusa ba ta tashi ba. Ta ce, "Malam, gobe fa Asabar."

Ya ce, "Na sani."

"To ni in bi ka mana. Ai na yi a gidanmu ina yarinya. A bar 'yar nan ta tafi."

Ban taɓa jin Inna ta nemi fita ko nan da ƙofar gida ba sai ranar. Baba ya daɗe yana kallon ƙwaryar tuwon. Na ga kamar zai yarda. Can ya ce, "Me za a ce a gari?" Inna ta tashi ta koma bakin murhu, maganar ba ta sake tasowa ba.

Da sassafe muna gona. Gonarmu a bakin hanya take, tana iyaka da ta su Ladi. Na soke fensirin nan a cikin kitsona na ɗaura ɗankwali a kai, ban san me nake tsammani ba. Ƙasa ta yi laushi, sanyinta yana ratsa tafin ƙafa, ko'ina ƙamshi. Baba yana tafe yana sara, ni ina biye, in tsinko iri da yatsu uku, in saki, in ja ƙasa da ƙafa in danne da diddige. A gonar maƙwabta uwar Ladi ce ke bin mijinta, da goyo a bayanta, don su matansu suna noma, har gayauna, 'yar gona ta kansu, suke da ita. Duk inda ka waiga mutane ne biyu-biyu a gonaki, babba a gaba ƙarami a baya. Na gane 'yan ajinmu da yawa daga nesa.

Sai muka ji hon daga wajen makaranta. Aka yi ta dannawa, a tsaya, a sake. Can sai ga motar, wata a-kori-kura, tana tafe a hankali cikin taɓo. Ladi tana baya da yunifom ɗinta, ita da wasu yara 'yan unguwarsu da ba su cika benci ɗaya ba. Motar ta tsaya daidai gonarmu. Malam Iliya ya sauko, ya ratso jiƙaƙƙiyar ƙasa da takalminsa na zuwa ofis, yana ƙetare ramukan sara don kada ya taka.

Ya yi sallama, ya ce, "Malam Sale, barka da ruwa."

"Barka kadai, Malam."

"Na zo ɗaukar Hansatu."

Baba ya dogara sungumin a kafaɗa. Ya ce, "Malam, ban manta da abin da na faɗa ba. Amma dubi ƙasar nan. Rumbuna ba komai a ciki sai ɓera. In laimar nan ta wuce ni, me zan ba su?"

Uwar Ladi ta ɗago daga gonarsu ta ce, "Maƙwabci, sake ta ta tafi mana. In na gama wannan gefen sai in zo in bi maka."

Baba ya ce, "Allah ya saka da alheri. Kafin ki gama naku rana ta take." Gaskiya ya faɗa, amma ba ita kaɗai ba ce. Mutumin da ya hana matarsa fitowa ba zai iya bari a ga matar wani tana bin sararsa ba.

Malam Iliya bai ɗaga murya ba. Ya dube ni, ni kuma na sunkuyar da kai ina kallon ƙwaryar hannuna. Ina jin haushin Baba, ina kuma jin tausayinsa, don na ga yadda ƙasusuwan wuyansa suka fito. Malam ya juya ya koma mota. Ladi ta ɗaga mini hannu, ban ɗaga mata ba. Muna ji motar tana tsayawa a gona ta gaba, hon, shiru, ta tashi, ta sake tsayawa a ta gaba, har ƙararta ta ɓace. Ba wanda ya hau.

Muka yini muna shuka da kunun safe a cikinmu. Kafin la'asar bayana ya ƙage, idona yana ganin duhu-duhu in na ɗago. Da muka kai ƙarshen gonar, Baba ya kife ƙwaryar ya buga gindinta, ƙwayar ƙarshe ta faɗa rami. Ya yi addu'a muka shafa.

Gero ya tsiro gwanin sha'awa. Gonaki suka yi kore layi-layi, mutane suka fara fara'a a bakin masallaci. Daga nan sama ta rufe bakinta. Hadari ya haɗu da yamma, a yi ta walƙiya, iska ta watsa shi. Gobe ma haka. Tsiron ya fara nannaɗewa da rana yana warwarewa da safe, sannan ya daina warwarewa. Ya koma ruwan toka, ya kwanta, iska ta binne shi da rairayi. Kullum da safe Baba sai ya je gonar, ya dawo ya zauna a zaure. Wata rana na bi shi, na tarar da shi a tsugune yana tona ramukan da muka rufe, yana murza busasshiyar saiwa a tafin hannunsa.

Ruwan gaskiya bai zo ba sai bayan makonni, lokacin tulun ya zama wayam. Uwar Ladi ce ta aiko mana da ƙwaryar irin dawa, da shi muka sake shuka, kuma ɗan abin da muka girba a shekarar daga shi ne. Abin da muka shuka ran Asabar ɗin nan ko zangarniya ɗaya ba a cira ba. Wannan ne yake ci mini rai har yau. Ban daɗe ina fushi da Baba ba, don ba wanda ya isa ya san ruwan nan na yaudara ne. Amma an ba da makaranta an karɓi iska.

Bayan kaka aka fara ɗauke malamai, yau wannan gobe wancan. Ranar da babbar mota ta zo kwasar bencina, mutanen gari suka tsaya daga nesa suna kallo. Baba ne ya fara matsawa, ya kama gefen benci ɗaya Malam Iliya ya kama ɗaya gefen, suka ɗora. Da Malam zai hau kekensa ya ce da ni, "Hansatu, ki riƙa karanta duk abin da kika gani a rubuce, ko a jikin buhu ne." Ban sake ganinsa ba.

Ɗakunan suka koma wajen ajiyar harawa, daga baya awaki suka gaje su. Makarantar cikin gari kuwa sai an ƙetare rafi, rafin da in damina ta zauna ko babba sai ya yi shawara. Ƙannena sun ɗan gwada zuwa suka bari. Sa'o'ina da na bayanmu da yawa a ƙauyen nan, har gobe in saƙo ya shigo wayarsu sai sun nemi yaro ya karanta musu. Ladi mai zungurata a kan jadawalin bakwai ta ci jarrabawar da ƙyar, yanzu tana aikin jinya a Kano. In ta zo gida sai ta kawo mini maganin gwiwa, mu zauna mu yi ta tsokanar juna. Makarantarmu ba a sake buɗe ta ba sai da 'ya'yana suka kusa wuce shiga.

Yanzu hedimastan wani matashi ne mai babur. A taron iyaye na ji an ce ya faɗi kusan abin da Malam Iliya ya faɗa, da nasa kalmomin, cewa makarantar da yaranta ba sa zuwa jarrabawa ita ake fara mantawa da ita. Abubuwa sun canja. Keke mai ƙafa uku ne zai kwashi yaran, waya kuma tana faɗin ranar da za a yi ruwa. Sai dai sungumi yana nan yadda yake, har yanzu yana bukatar mai binsa. Samarin ma duk sun tafi birni neman na kansu, hannu ya ƙara ƙaranci.

Shekaranjiya baban Ummi, babban ɗana, ya shigo gaishe ni da yamma yana latsa waya. Ya ce, "Inna, sun ce Juma'a za a yi ruwa mai yawa. In ya sauka, sai dai Ummi ta yi haƙuri da jarrabawar nan. Ba ni da mai bi na."

Na ce, "Kana da shi."

"Wa?"

"Ni."

Ya yi dariya, ya ga ban yi ba, ya daina. Ya ce, "Haba Inna, da wannan gwiwar? A ganki a gona kina bin sarata, me za a ce a gari?"

Ko muryar irin ta kakansa ce. Na ce, "Su faɗi abin da za su faɗa. An taɓa jin tsoron bakinsu a gidanmu, na ga abin da aka girba. Ni tsohuwa ce, mijina ya rasu, ba wanda zai tsare ni. Kai dai ka yi sararka a hankali, in na gaji mu zauna."

Bai musa ba. Ya sa wayar a aljihu ya fita. Na aika wa tsofaffi biyu sa'o'ina da suke da jikoki a ajin su Ummi, waɗanda muka yi shukar Asabar ɗin nan tare, na ce su ma su nemo ƙoransu. Ɗaya ta ce za ta fito. Ɗayar ta ce sai ta ji ta bakin ɗanta.

Yau Juma'a. An sakko daga masallaci tun ɗazu, kuma iska ta ɗauke ɗif. Na sauko da tsohuwar ƙwaryata na goge ta, na gwada a tsakar gida da tsakuwa, in saki in ja ƙasa in danne. Gwiwar tana ƙara amma diddigen bai manta ba. Ummi tana bakin ƙofa tana yi mini dariya, wai ina rawa ba kiɗa. A gindin katanga tururuwa sun fara layi, gabas kuma ta soma yin ja.

Na ce da ita ta bar dariya ta je ta kwaso yunifom ɗinta daga kan igiya, ta shanya shi a ɗakina, kada ruwa ya taɓa shi.